Sankarar nono: likitoci sun fara rage wuƙa a hammata

Duk macen da aka yi wa aikin sankarar nono, ko mai ƴar uwa da aka yi wa, ta san wuƙar ba ta tsayawa a nono kaɗai. Har hammata ake shiga. A can akwai waɗansu ƴan ƙwayoyi, su ne in sun kumbura muke ce musu kaluluwa. Aikinsu tace ruwan jiki da ke fitowa daga nono da hannu, kamar rariya. In sankara za ta bazu, galibi nan take fara yada zango.

Saboda haka tun zamanin likita Halsted na Amurka, wanda ya bayyana salon aikinsa a 1894, ake kwashe su, goma ko fiye. An ceci rayuka, ba musu. Amma in aka cire rariyar, ruwa sai ya rasa hanya ya taru a hannu. Hannun ya kumbura ya yi nauyi, kafaɗa ta sandare, fatar dantse ta mutu. Kusan mace ɗaya cikin biyar da aka yi wa wannan kwasar tana haɗuwa da kumburin, kuma ba ya warkewa sarai, sai dai lallaɓawa. Mai aikin ofis za ta iya maneji. Mai tuyar ƙosai fa, ko mai awon hatsi, ko mai ɗaga dilar atamfa safe da yamma? Ai hannunta shi ne jarinta.

A shekarun 1990 aka samo dabara. Sai a yi allurar wani shuɗin ruwa a nonon, a bi shi a ga ƙwayar da ya fara isa. Ita ce mai gadin ƙofa, likitocinmu da Faransanci suna ce mata ganglion sentinelle. A cire ɗaya zuwa uku a auna. In babu ciwo a ciki, sauran a bar su.

To in an samu ciwon fa? Nan ne wani bincike na Amurka da aka buga a 2011, ƙarƙashin likita Armando Juliyano, ya girgiza likitoci. Mata 891 ne, ƙullutunsu bai wuce santimita 5 ba, an yi musu aikin da ba a cire nonon duka, aka bi da gashin haske, kuma ciwo ya taɓa ƙwaya ɗaya ko biyu. Aka kwashe wa rabi hammata, rabi aka bar musu. Bayan shekara 10, wajen 86 cikin 100 na waɗanda aka bar wa suna raye, waɗanda aka kwashe wa kuwa wajen 84. Wato ƙarin yankan bai ƙara kwana ba. Wani binciken na Turai a 2014 ya gwada gashin haske a hammata maimakon wuƙa: bayan shekara 5, kumburi ya kama 11 cikin 100, alhali masu yanka 23. A Italiya a 2023 da Jamus a 2024 har an nuna cewa waɗansu masu ƙaramin ƙullutu, in hoton eko ya nuna hammata lafiya, ko mai gadin ba sai an taɓa ba.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya, ƴan uwa mata. Duk wannan sauƙi na wadda ta zo da wuri ne. A nan Nijar da yawa ba sa zuwa asibiti sai nono ya fashe, hammata ta cika da kaluluwa mai tauri, bayan an gaji da shafe-shafe da tsaga. A wannan hali likita ba shi da zaɓi, kwasa ce, kuma ita ce daidai. Sannan sauƙin yana tafiya da gashin haske da awon ƙwayoyin a ɗakin bincike. Cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashin haske a 2021, amma ga mai fitowa daga Damagaram ko Tawa, tafiya ce da masauki da rufe rumfa na makonni.

Wadda aka sa wa ranar aiki tana da ikon tambaya: me za a yi wa hammatata, ƙwaya nawa za a cire, ana iya auna mai gadin a nan? Wadda kuma aka riga aka kwashe wa, ta riƙa motsa hannun yadda aka koya mata, ta kiyaye shi daga ƙuna da yankan wuƙar girki. In zobe ko awarwaro ya fara matse ta, ko hannun ya yi ja da zafi, ta koma asibiti a ranar, kada ta jira kasuwa ta tashi.