Hattara: Murar Tsuntsaye Ta Afka Wa Giwayen Teku

Murar tsuntsaye, wadda ta yi wa masu kiwon kaji ɓarna a Jihar Kaduna a 2006, ta daina tsayawa kan masu fukafukai. Yanzu ta afka wa giwayen teku, manyan dabbobin nan masu shayarwa da ke rayuwa cikin teku, suna fitowa gaɓa don haihuwa.

A watan Oktoban 2023, ƙwayar H5N1 mai jawo murar ta ratsa gaɓar Valdes a ƙasar Ajantina. 'Ya'yan giwayen teku fiye da 17,000 ne suka mutu, wato kusan duk haihuwar waccan shekarar a wurin. A tsibirin Jojiya ta Kudu kuma, inda garke mafi girma a duniya yake, masu binciken Birtaniya sun tarar matan da ke zuwa haihuwa a manyan gaɓoɓi uku sun ragu da kusan rabi tsakanin 2022 da 2024.

Lokacin haihuwa dabbobin kan cunkushe jiki da jiki a kan yashi, uwa tana shayarwa na makonni ba ta cin komai. A irin wannan cunkoso cuta ba ta buƙatar tsuntsu, domin masana sun ga alamun tana bi daga giwa zuwa giwa. Ƙwayar da ta koyi yawo tsakanin masu shayarwa kuwa, ta ƙara kusantar ɗan Adam.

Danginsu da ke gaɓar Kalifoniya a Amurka su ma abin a ji musu tsoro ne. Mafarautan kitse sun kusa ƙarar da su a ƙarni na 19, ƙalilan suka tsira a tsibirin Gwadalupe na Meziko. Duk na yau jikokin waɗannan ne, jininsu kusan ɗaya. Masanan Jami'ar Kalifoniya ta Santa Kuruz suna ƙirga su, suna maƙala musu lamba a gaɓar Año Nuevo shekaru da dama, kuma da ƙidaya ake gane annoba tun tana ƙarama.

Duk wanda ya je kallonsu, musamman daga Disamba zuwa Maris, ya tsaya nesa, ya bi umarnin masu gadi. Kada ya taɓa dabba mara lafiya ko mushe, ko na giwa ko na tsuntsu. Ya ɗaure karensa. Idan ya ga dabba tana karkarwa ko numfashi da ƙyar, ya sanar da hukuma nan take. Rigakafi ya fi magani, a kiyaye.