Ragowar Masu Aminci a Koyarwar Kirista

Ragowar masu aminci, ko ringi, su ne 'yan tsirarun da suke riƙe gaskiya a lokacin da yawancin jama'ar Allah suka sake da ita. Kiristoci sun gaskata cewa duk yadda zamani ya lalace, Allah yakan keɓe wa kansa waɗansu, kamar yadda manomi yake ware iri ko da yunwa ta cinye rumbu.

Tushen koyarwar yana cikin Tsohon Alkawari. A ruwan tufana, mutum 8 ne suka tsira cikin jirgin Nuhu. A zamanin sarki Ahab, da Isra'ila ta koma bautar Ba'al, annabi Iliya ya zaci shi kaɗai ya rage, sai Allah ya sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunkin ba. Annabi Ishaya ya ƙara zurfafa batun sa'ad da Assuriya, wadda ta ci Samariya a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, take barazana. Babila kuma ta rushe Urushalima wajen shekara ta 586, ta kwashe mutanen Yahuza bauta. Waɗanda suka komo bayan umarnin sarki Sairus na 538, suka sake gina Haikali, su aka ɗauka a matsayin ragowar da annabawa suka ambata.

A Sabon Alkawari, Manzo Bulus ya dawo da labarin Iliya a sura ta 11 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya nuna cewa alherin Allah ne yake zaɓen ragowa, ba ƙoƙarin mutum ba. Littafin Wahayi ya tsawata wa ikkilisiyar Sardisu saboda mutuwar zuciya, amma ya yaba wa kaɗan daga cikinta da suka tsare kansu. Daga nan malaman Kirista suka fitar da alamomin ragowa: tuba, tawali'u, riƙon Maganar Allah, da jimiri cikin tsanani. Sun kuma yi kashedi game da girman kai, domin ƙungiyar da ta ce ita kaɗai ce a kan hanya ta kauce wa darasin da aka koya wa Iliya.

A ƙasar Hausa, tarihin Isawa ne ya fi kusa da wannan hoto. Mabiya ne na Malam Ibrahim, wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a wa'azinsa. Almajiransa suka watse zuwa yankin Ningi, suka riƙe abin da ya koya musu. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka haɗu da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, suka zauna a Gimi. Ciwon barci ya kashe da yawa, waɗanda suka rage suka zama cikin tushen jama'ar Kirista ta Wusasa.

Mutanen ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari a jihar Sakkwato su ma ba baƙin irin wannan tunani ba ne, domin Musulunci ma yana da batun guraba'u, wato baƙin da suke gyara abin da mutane suka ɓata. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa ta yankin Bodinga kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. Shi Malam Abdullahi ya taɓa barin jama'ar Shehu wajen 1807, ya nufi gabas saboda son duniya da ya ga ya shiga cikinsu, har mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Diya'ul Hukkam. Aƙidun addinan biyu sun bambanta, amma damuwa da sanyin imani a cikin gida ta haɗa su.

A waɗannan ƙananan hukumomi Kiristoci tsiraru ne a tsakanin maƙwabta Musulmi. Sai dai ƙarancin adadi bai isa ya mai da mutum ragowa ba. Koyarwar tana auna ikkilisiya ne da kanta: ko membobinta suna da gaskiya a ciniki, da amana a wurin aiki, da naciya a addu'a, da zaman lafiya da maƙwabci.