Wa ke da magana? Ɗaga hannu cikin taron tarho

Yau hirarmu bisa taro take, amma ba na gindin icce ba. Taron da ake yi ta tarho ko ordinater: wani shina Maraɗi, wani Damagaram, wata Tawa, shugaba kuwa shina Yamai.

Tun shekarar 2020, lokacin da cutar korona ta hana cunkoso, irin wanga taro ya yawaita. Ana yin shi da Zoom, ko Google Meet, ko Teams. To, ga inda wuya take. A dandali shugaba shina ganin kowa. Wanda ya gyara murya ko ya muskuta, an san shina da magana. Cikin tarho ba haka ba ne. Murya takan yi ɗan jinkiri kahin ta iso. Ka ji shiru ka soma, wancan ma ya ji shiru ya soma, sai ku yi karo. Daga nan mai babbar murya da mai rezo mai ƙarhi su cinye taron. Sauran su ƙone kuɗinsu na mega, a yanke shawara ba a ji ta bakinsu ba.

Maganin wannan shi ne ɗaga hannu. Ba hannunka na jiki ba, don wanda ya ruhe kamara ba a ganin shi. Akwai hoton ɗan hannu bisa gilashin tarho. In tarhonka da Faransanci yake, za ka ga an rubuta "Lever la main". Ka taɓa shi sau ɗaya, ka dakata. Cikin Zoom sunanka zai hau saman jerin mahalarta, kuma wanda ya riga ɗagawa shi ke gaba. In ka gama magana, ka taɓa "Baisser la main", ka ruhe mikoro. Wanda ya bar hannu sama shina ruɗa shugaba.

Ka kuma rubuta sunanka na gaskiya kahin ka shiga. In shugaba ya ga "Tecno" ukku da "itel" biyu, wa za shi kira?

Yanzu kai shugaba, ga naka aiki.

Na ɗaya, ka faɗi doka tun farko: ba mai magana sai an kira sunanshi.

Na biyu, ka ruhe mikoron kowa. Cikin Zoom akwai wurin hana mutane buɗewa da kansu. In ka ba mutum magana, saƙo za shi hito bisa tarhonshi, shi ne zai amsa ya buɗe. Saboda haka ka ba shi ɗan lokaci, kada ka ce ba ya nan.

Na ukku, ka yi lissahi. Zoom na kyauta minti 40 yake badawa, sannan ya katse. In ku 20 ne, gaisuwa da buɗe taro sunka ci minti 10, saura 30. Ke nan kowa minti ɗaya da rabi gare shi. Wanda ya yi minti shidda ya ci rabon mutum ukku bayan nashi.

Na huɗu, ka bi jeri, amma ka buɗe ido. Wanda ya yi magana sau biyu ya jira wanda bai yi ko ɗaya ba. Mata da yara samari sau da yawa kunya ke hana su ɗaga hannu gaban manya. Ka kira su da suna. Wanda rezo ya yanke mishi, in ya komo hannunshi ya sauka, sai ka maido mishi da wurinshi.

Na biyar, ka sami mataimaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka. Kai kana sauraro, shi shina duban hannuwa, shina rubuta sunaye cikin kaye.

Wanda muryarshi ke tsinkewa ya kashe kamara. In ba ta gyaru ba, ya rubuta maganarshi a wurin saƙo, mataimaki ya karanta ma jama'a. Kun ga anfanin iya rubutu ke nan. In kuwa ku biyu ne cikin ɗaki guda, ku buɗe tarho ɗaya kaɗai, in ba haka ba ƙara da amsa-kuwwa za su cika taron.

Kahin a tashi, shugaba ya tambaya: akwai wanda ya ɗaga hannu ba a kira shi ba? In akwai, da shi za a soma taro na gaba.

Ku gwada wannan tsakaninku cikin makon nan, ko ku huɗu ne, kowa ya riƙe shugabanci sau ɗaya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lahiya.