Abubuwan da ya kamata ka sani game da mantuwar murfi a kyamara mai awon nisa

Akwai kuskuren da wanda ya saba ɗaukar hoto da waya zai yi mamakin jin ana yin sa: mutum ya ɗauki hoto alhali murfi na rufe da gilashin kyamararsa, kuma bai ga wata alama ba. Ya leƙa ya ga mutanen da ke gabansa tar, ya danna, ya ji ƙarar kyamara yadda ya saba ji. Sai ranar da aka wanke fim ya tarar babu komai. Wannan yana faruwa ne a wani rukuni na kyamarori, kuma tushensa na cikin yadda aka ƙera su, shi ya sa yakan faɗa wa gwani kamar yadda yake faɗa wa ɗan koyo.

Mece ce kyamara mai awon nisa?

Masu sana'a suna kiran ta renjifainda, wato kyamarar da ke ɗauke da na'urar auna tazarar da ke tsakaninta da abin da za a ɗauka. Kamfanin Kodak na Amurka ya fitar da irinta tun 1916, amma ta yi tashe ne daga 1932, shekarar da kamfanin Leitz na garin Wetzlar a Jamus ya fitar da Leica II, Zeiss Ikon kuma ya fitar da Contax. A 1954 Leica M3 ta fito, ita ce kuma ta zama abin kwaikwayo. Japan ta yi nata, irin su Canon da Nikon da Yashica, Tarayyar Sobiyat ma ta yi FED da Zorki da Kiev masu yawan gaske.

Abubuwa uku ne a fuskar irin wannan kyamara ya kamata a rarrabe. Na farko shi ne gilashin ɗauka, babban gilashin nan na tsakiya wanda haske ke bi ta cikinsa ya sauka a kan fim, kuma shi ne ake rufewa da murfi. Na biyu tagar leƙe, can sama a gefe, inda mai hoto yake ɗora idonsa. Na uku wata ƙaramar taga ce a ɗaya gefen, ita ce abokiyar aikin tagar leƙe wajen awo.

Yadda take aiki

Idan mutum ya miƙa yatsa gabansa ya dube shi da ido ɗaya, sannan ya sauya ido, zai ga yatsan ya yi tsalle gefe. Gwargwadon kusancin yatsan, gwargwadon girman tsallen. Da wannan ƙa'ida na'urar take aiki. Tagogin biyu suna kallon abu guda daga wurare biyu, a Leica M3 tsakaninsu ya kai kusan santimita 7. Wani ɗan madubi a ciki yana kwaso abin da ƙaramar tagar ta gani ya ɗora shi a tsakiyar tagar leƙe, a cikin wani ɗan fili mai haske. A nan mai hoto zai ga abin da yake kallo ya rabu biyu.

Sai ya murɗa zoben gilashin ɗauka. Bayan gilashin akwai wani gefen ƙarfe da ke tura ɗan hannu a cikin kyamara, hannun kuma ya juya madubin kaɗan-kaɗan, har siffofin biyu su haɗe su zama ɗaya. Haɗewarsu ita ce shaidar cewa hoto zai fito tsaf.

A nan ne asirin yake. Duk wannan aiki da ƙarfe ake yin sa, ba da hasken da ya ratsa gilashin ɗauka ba. Gilashin yana magana da na'urar awo ta hanyar turi kawai. Saboda haka ko da murfi a kai, tagar leƙe fes take, siffofi suna rabuwa suna haɗewa yadda ya kamata, maɓalli yana dannuwa, labulen da ke gaban fim yana buɗewa yana rufewa. Komai ya yi aikinsa, haske ne kaɗai bai samu hanya ba.

A kyamara mai madubi a ciki, wadda ake kira SLR, irin Nikon F ta 1959, ba haka abin yake ba. Can madubi ne ke tsaye bayan gilashin ɗauka yana aika abin da gilashin ya gani zuwa idon mai hoto. In da murfi, duhu zai gani, nan take ya ankara. Waya da kyamarorin dijital masu nuna hoto a allo kafin a ɗauka ma haka suke.

Me ya sa ba a bar murfin a gida ba?

Tambaya ce mai ma'ana, amsarta kuma ita ce ta sa matsalar ba ta da magani mai sauƙi. Da yawa daga cikin tsofaffin kyamarorin nan, musamman Leica da FED da Zorki, labulensu na ƙyalle ne da aka shafe da roba. Tunda babu madubi tsakanin gilashi da labule, duk hasken da ya shigo a kan ƙyallen yake sauka kai tsaye. Idan aka ajiye kyamara fuskarta na kallon rana babu murfi, gilashin zai tattara zafin ranar wuri guda ya huda labulen, kuma ba ya buƙatar dogon lokaci, balle in ƙofar haske, wato kafar cikin gilashin da haske ke bi, a wangale take. Daga ranar, hotuna za su riƙa fitowa da ɗigon haske a wuri guda, sai an kai wa mai gyara ya liƙe ko ya sauya labule.

Wasu kamfanoni sun kauce wa wannan. Contax tun farko da labulen ƙarfe ta zo, Canon P da Canon 7 suka yi amfani da siririn baƙin ƙarfe marar tsatsa, Nikon kuma ta koma ƙarfen taitaniyam a samfurin SP na baya-baya. Amma mai kyamarar ƙyalle dole ya saba da mayar da murfi bayan kowace ɗauka, kuma wanda ke cirewa yana mayarwa tun safe har yamma, wata rana hannu zai tsallake mataki ɗaya. Galibi a lokacin gaggawa abin ke faruwa, wato daidai lokacin da hoton ya fi daraja.

Kyamarorin da ke gargaɗi da waɗanda ke shiru

Bambancin ya danganta da inda aka sa ma'aunin haske. Leica M3 da M2 da M4 ba su da shi sam, don haka babu abin da zai yi magana. Yashica Electro 35, wadda ta fara fitowa a 1966, tana da shi, amma a jikin kyamara aka sa shi, can sama, nesa da murfi. Ita ta fi yaudara, domin ma'aunin yana ganin rana yana ba da amsar da ta dace, alhali fim na cikin duhu.

Canonet QL17 GIII ta 1972 ta fi dabara. Idon ma'auninta yana gaban gilashin ɗauka, a cikin zoben da murfi ke rufewa. In murfin na kai ma'aunin ma ya makance, kuma idan an bar kyamarar ta zaɓi haske da kanta, maɓallin ƙin dannuwa yake yi. Leica M6 ta 1984 tana auna hasken da ya ratso gilashi ya sauka a wani farin tabo a jikin labule, don haka 'yan fitilun cikin tagar leƙe za su nuna ƙarancin haske, sai dai ba za su hana mutum dannawa ba. A M7 ta 2002, idan ita ke zaɓen lokaci, labule yakan daɗe a buɗe yana jiran hasken da ba zai zo ba, kunne ya ji an buɗe ba a rufe ba. Daga M8 ta 2006, lokacin da Leica ta shigar da wannan tsari zamanin dijital, asarar ta ragu zuwa hoto ɗaya, tunda allo zai nuna baƙi nan take.

Yadda ake gane shi bayan wanki

A dodon hoto, wato fim ɗin da aka wanke wanda fari ke fitowa baƙi a cikinsa, gurbin da aka ɗauka da murfi yakan fito garau kamar leda, babu ko inuwa. Wannan kaɗai bai isa hujja ba, domin wasu kurakurai ma haka suke bayyana, kuma sau da yawa mai wanki ake ɗora wa laifin da ba nasa ba. Abin dubawa shi ne gefen fim, inda kamfani ya buga lambobi da sunan fim tun daga masana'anta. Idan lambobin sun fito ɓaro-ɓaro, wanki ya yi daidai, haske ne bai shiga ba. Idan su ma babu su, matsalar daga ruwan wanki take.

Sai kuma a duba yawan guraben da suka fito wayam. Gurbi ɗaya ko uku a tsakiyar hotuna masu kyau alamar murfi ce. Idan dukan hotuna 36 ne, an fi zargin cewa fim bai kama ba tun wajen sakawa, wato mutum ya yi ta ja fim na tsaye wuri guda. Ana iya kama wannan tun da wuri, ta lura ko hannun mayar da fim yana juyawa duk lokacin da aka ja.

Dabarun da ake bi

Wasu suna liƙa wa murfin wani ɗan kunne na kwali ko salatif da zai leƙo cikin tagar leƙe, ta yadda ido ba zai kauce masa ba. Wasu suna ajiye murfi gaba ɗaya su ɗaura wa gilashi rumfar kare haske da farin gilashin kariya. Wannan yana tsare ƙura da ƙarzuwa, amma ba ya tsare rana, saboda haka mai labulen ƙyalle sai ya haɗa da ƙuntata ƙofar haske, ya kuma riƙa juya fuskar kyamara zuwa jikinsa in yana tafiya. Hanyar da ta fi dacewa da kowace kyamara ita ce ta sabon hannu: murfi ya fita tun lokacin da kyamara ta fito daga jaka, ya shiga aljihu guda da aka ware masa, sannan kafin a ɗaga ta zuwa ido, yatsan hagu ya taɓa bakin zoben gilashi ya tabbatar a buɗe yake.