Abincin Salla a Ƙasar Baƙunci

Tun daga shekarar 1930, lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Kano ta tuƙe a Nguru, mutanen wannan gari suka shahara da sanin dabarun adana nama, domin daga nan ake lodin busasshen nama da bandar kifi zuwa kasuwannin Kudu. Kuma ilimin da ya raya wannan fatauci shi ne yake aiki a cikin gidaje bayan layya, inda mata ke wuni a gindin murhu suna juya tsoka a cikin kitsenta har ta ƙafe, a barbaɗe ta da gishiri da yaji, a zuba a kwano a rufe. Asalin wannan suya hila ce ta kare nama daga zafin ƙasar da ba ta barin ɗanye ya kwana biyu. Daɗin kuwa riba ce da ta biyo baya.

To, malaman usulu sun tabbatar da cewa hukunci yana tafiya ne tare da illarsa, idan illa ta gushe shi ma ya gushe. Ɗan Nguru ko ɗan Gashuwa da arziki ya kai shi London ko Jidda ko New York, wanda firji ke ɗakin girkinsa dare da rana, ya rabu da illar, amma ya riƙe suyar gam. A Ingila ba a yanka a tsakar gida, sai a mayanka. Mahauci ne zai miƙo maka ragonka a yayyanke cikin leda, kuma da yake babu maƙwabta arba'in da za a aika wa, babu almajiri a bakin zaure, naman da a gida yake watsewa cikin unguwa kafin a gama shagalin Salla sai ya tare a gidan mutum biyar, ana ci da safe ana ci da dare har Muharram ya kama. Haka cincin da dubulan da alkaki, waɗanda dā sai shekara ta zagayo ake ganinsu, yanzu kowane suna da kowace walima suna nan, ga lemon kwalba a gefe, ga jikin da ya bar gona da su da tafiyar ƙasa ya koma zaman mota da ofis.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Hukumar lafiya ta Ingila tana gargaɗin baƙar fata cewa haɗarin ciwon suga yana soma musu tun daga shekara 25, alhali ga Turawa sai 40. Binciken da aka yi a kan mutanen Gana mazauna Amsterdam da Berlin da London, aka buga a 2016, ya nuna ƙiba da ciwon suga sun fi yawa a cikinsu nesa ba kusa ba a kan 'yan uwansu na karkara. Mutumin Gashuwa kuwa ba ya bukatar a yi masa wa'azin ciwon ƙoda, annobar da masana ke ta binciken musabbabinta a ƙasar Bade. Ya san tsadar wankin ƙoda, ya kuma kamata ya sani cewa a duniya baki ɗaya suga da hawan jini su ne manyan masu kashe ta.

A ganina, kuskuren masu ba da shawara shi ne aika mutane neman magani a kantin Turawa, ganyen da babu wanda zai kira shi abincin Salla, alhali fadamar Haɗeja da Nguru ta riga ta tanadi abin da ake nema. Tarwaɗa da karfasa, a gasa ko a yi farfesu. Burabuskon gero a madadin farar shinkafa. Miyar kuka da busasshiyar kuɓewa da zogale. Taushe da kabewa mai yawa, mai kaɗan. Daddawa a gurbin dunƙulen magi huɗu, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance gishirin yini ƙasa da giram 5, wato cokalin shayi guda. Abin sha'awa ma, dokar Ingila da ta hana matafiyi daga Nijeriya shiga da kilishi ko dambun nama ta yarje masa busasshen kifi har kilo 20. Sai dai a san hannun da ya bandace shi, domin feshin maganin ƙwari a kayan ajiya shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Naman layya kuma a gasa shi, kamar yadda Hausawan Sudan suka koya wa ƙasar nan agashe, na zangunan Kumasi da Accra suka koya wa Gana tsire.

Wahalar tana wajen mutunci. Uwargida ta san idan ta ajiye wa baƙo tuwon gero da kuka ran Salla za a koma gida a ce rowa ta kama ta a Turai, kuma zoɓon da ba a cika shi da sukari ba, ko da an ji citta da kanumfari, dattawa kan kurɓa sau ɗaya su ture kofin. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda yawancinsu suka karanta a zaure, ta sanya raba ciki kashi uku cikin ladubban ci, amma ba a cika tuna wannan babi a gaban masa ba. Abin da ya fi karɓuwa ya zuwa yanzu shi ne aika kuɗin rago gida, a yanka a Nguru a raba wa dangi da mabukata, su kuma can su sayi cinya ɗaya wajen mahauci, ta ishe su ranar idi da washegari.