Taswirar ƙasar da babu ita, da abin da take koya ma mai zanenta

A shekarar 1945 ruwan Gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari. Da hukuma ta yanke shawarar mai da garin bisa tudu, sai da aka shata shi kan takarda tukuna: ga fadar sarki, ga filaye, ga hanyoyi miƙaƙƙu. Watau an yi wani lokaci da Maraɗin yanzu ba ya ko'ina sai cikin zane. Wannan ya isa shaida cewa zana wurin da bai wanzu ba, ba aikin banza ba ne.

Akwai wani wasa da ya dogara ga irin wannan zane. A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi da sunan Dungeons & Dragons. Mutane huɗu ko biyar suke kewaye tebur. Ɗaya shi ne mai ba da labari, kamar mai tatsuniya. Sauran kuwa kowa ya ɗauki matsayi, wani mayaƙi, wani boka, wani ɓarawo. Kowa ya faɗi abin da zai aikata, a jefa ƙwaya irin ta lido, ita za ta nuna ko ya dace. Tsakiyar tebur ake shimfiɗa taswirar ƙasar da labarin ke gudana cikinta, ƙasar da babu ita a duniya. Wadda ta yi suna ƙwarai ita ce ta Greyhawk, wadda wata mai zane da ake kira Darlene ta yi da hannu, aka buga a 1980. An rarraba ta gida-gida kamar saƙar zuma, kowane gida kimanin kilomita 48, don ƴan wasa su ƙirga kwanakin tafiya.

Sai dai ƙasar ƙirƙira ma tana da ƙa'ida. Wanda ya zana kogi yana hawan dutse, ko birni inda babu ruwa, ƴan wasa ba za su yarda da ƙasarsa ba. Don haka ɗalibin da ke son gwada wannan aiki ba shi da malamin da ya fi kwarin Maraɗi.

Na farko, ruwa. Gulbi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya biyo ta Madarunfa da Jiratawa da Maraɗi da Tibiri, sa'an nan ya sake komawa Najeriya. Kullum gangare yake bi, garuruwa kuma suna jere gefensa saboda albarkar fadama. Da ruwa ya kamata a fara zane.

Na biyu, dalilin gari. Katsinawan da jihadi ya fitar daga birninsu a 1807 sun fake nan ne saboda kurmin da ya rufe kwarin a wancan zamani. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tibiri ƙarƙashin Sarki Mayaƙi, kimanin kilomita 12 daga Maraɗi, kusa da abokan ƙawancensu. Kowane birni da aka ɗiga kan takarda, sai mai zane ya san abin da ya kawo shi nan.

Na uku, ma'auni. In an ce faɗin yatsa ɗaya tafiyar yini ce, to haka za ta kasance daga gabas har yamma.

Kayan aiki kuwa ba sai an yi odarsu daga Turai ba. Masu zayyanar allo sun daɗe da sanin tawadar baƙi mai ƙaro da alƙalamin kara. Shuni yana ba da launin ruwa, karan dafi ja, gangamau rawaya. Da fensir ake fara shatawa, a shafa launi mai haske kafin mai duhu, a bari ya bushe, sa'an nan a bi da tawada. Sunaye ne aikin ƙarshe. Nan ma ba a rasa abin sawa ba, tun da Gizo da Ƙoƙi da Dodo sun daɗe suna yawo cikin tatsuniyoyi ba tare da an zana masu gari ba.

Amfanin abin bai tsaya ga wasa ba. A filin noman rani na Jiratawa, gonakin manoma a shate suke kan takarda, haka ma filayen gidaje a birni. Wanda bai iya duba taswira ba, sai abin da aka faɗa masa game da iyakarsa. Yaron da ya taɓa zana ƙasarsa ta wasa ya san arewa, ya san ma'auni, ya san ma'anar alamu. Ya dace malaman makaranta da na yaƙi da jahilci su lura da wannan, domin karatun taswira shi ma karatu ne.