Tsarma maganin wanke kwanon kaji da yawa asara ce

Bara a Gwarzo na riƙa cika wa haidirojin feroksaid ruwa don ya yi auki wajen wanke kwanukan kaji. Zawo ya ƙi barin 'yan tsakina.

Wani likitan dabbobi a Kabo ya warware min: Salmonela tana da furotin mai suna OxyR. Da ya ji maganin kaɗan, sai ya kunna ƙwayar gadon da ke samar da katales, mai mayar da maganin ruwa da oksijin. Tun 1985 masana a Amurka suka nuna cewa wadda ta sha kaɗan ta tsira takan jure mai ƙarfi daga baya.

Don Allah a kankare kashi tukuna, sannan a bi ma'aunin jikin kwalba.